Amsar da Ta Kwana a Ƙaramar Waya

Aƙilu bai zauna a tabarmar da Najiba ta shimfiɗa masa a zaure ba.

"Yau kwana tara da na tambaye ki ta saƙo ko in turo manyana," ya ce. "In ba kya so, ki gaya mini da bakinki."

Ta ɗago ta dube shi. "A ranar na ba ka amsa."

"Ban ga komai ba."

"A wace waya layin yake ran nan?"

Aƙilu ya taɓa aljihunsa. Layi ɗaya suke amfani da shi da yayansa Bature, saboda masu sayen masara. Duk ranar kasuwar Dandume, Bature kan cire sim ya sa a ƙaramar waya mai riƙe caji. Yau ita ce a aljihun Aƙilu.

Ya zaro ta. Ga saƙon nan: "Na amince. Ka turo su." An riga an buɗe shi.

"Kullum kwano ɗaya muke ci da Yaya," ya ce a hankali.

Najiba ta sunkuya ta naɗe tabarmar.

"Ni na ba da tawa amsar. Je ka ji tasa."