Kiran da na yi daga kan turmi

Washegarin wata Layya a Kona, ina ƙarama, Inna ta zauna rabon nama bayan azahar. Ta ware na waɗanda muke danga ɗaya, ta ware na masu kallon ƙofarmu, sai ta rufe kwando.

Na ce, "Inna, ina na mutanen ruga?" Fulani ne da suka sauka bayan gonarmu, kullum matar gidan, da nake kira Goggo, tana ba ni nono.

Baba ya ce, "Waɗancan suna kusa dai, amma ba maƙwabta ba ne. Maƙwabci shi ne wanda in ka kira daga tsakar gida zai amsa."

Sai na kife turmi, na hau, na kwarma kira har maƙogwarona ya yi zafi: "Goggo ta ruga!"

Can muka ji siririyar murya: "Na'am!"

Baba ya yi dariya, ya miƙo mini cinya guda.

Da na kai naman, ɗan Goggo ne ya tarbe ni a bakin gona, ya karɓa. Da na girma, shi na aura. Bara aka binne shi, kuka nake har yau. Amma wannan gardama, ni na ci ta.