Ƙofar Da Ba A Auna Ba

Shekara talatin Tek Bahadur yana aikin kafinta a kudancin Nepal, bai taɓa yin ƙofa bai tambayi mai ita ba: "Me zai riƙa shiga ta nan, gado ko keke?" Sai ya ji amsa yake ɗaukar ma'auni. Yau ga shi tsaye gaban tulin toka, inda a da shagonsa yake ƙasa, gidansa a sama. Tambaya ɗaya yake ta juyawa: laifin wa ne?

Unguwarsu, Shantitol, gonakin shinkafa ce a da. Birni ya yi ta matsowa har ya haɗiye ta. Gidaje suka cika, hanyoyi suka tsaya yadda shanu suka bar su. Famfo kuwa sai bayan kwana uku yake kawo ruwa.

Bara, shugaban mazaɓa Tikaram Bhusal ya tara jama'a. Ya ce, "Aiki ɗaya majalisar birni za ta yi wa kowace unguwa bana. Ku zaɓa: tankin ruwa, ko faɗaɗa hanyar baya, ko ƙofar shiga unguwa irin ta maƙwabtanmu na unguwar Phulbari."

Chandrakala mai shayi ta ce, "Shugaba, ƙofar za mu sha, ko da ita za mu wanke shinkafa?"

Wani ya ce, "Yi shiru, Yaya, shayinki ma ruwa ya yi masa yawa!" Aka tuntsire da dariya.

Shi Tek akwai abin da ke cinsa. A Dashain, babban bikinsu na shekara, surukan 'yarsa sun ɓata suna neman gidansa, da suka iso uban mijin ya ce, "Ashe har yanzu a ƙauye kuke." Shi ya sa a taron Tek ya miƙe ya ce, "Unguwar da ba ta da ƙofa ba wanda ya san da ita. Ruwa ai muna lallaɓawa." Mutum ne da ake jin maganarsa. Da ya ɗaga hannu, hannuwa suka bi.

Aka gina ƙofa mai mutum-mutumin zakuna biyu da rufi irin na haikali, aka rubuta sunan shugaba a jikin dutse. Ranar buɗewa har Tek aka rataya wa furanni. Kullum ta ƙarƙashinta yake wucewa, bai taɓa ɗaga kai ya dube ta da idon kafinta ba.

Wata Talata da rana, ya tafi kai wa wani kabad, tukunyar gas ta fashe a gidan maƙwabcinsa. Wuta ta kama katakan shagon. A sama kuma yayansa Harka na kwance, ɓarin jikinsa a shanye.

Motar kashe gobara ba ta yi jinkiri ba. Amma da ta iso ƙofar unguwa sai ta tsaya cak: tsanin da ke ɗaure a samanta ya tokari rufin. Hanyar baya ba ta ɗaukar mota. Maƙwabta suka ruga da bokitai, famfo ƙaf, ba ranar ruwa ba ce. Kafin a kwance tsanin a shigo, hayaƙi ya gama da Harka. A bakin matakala aka same shi.

Bayan kwana goma sha uku na makoki, Tek ya fita neman mai laifi, kansa a aske bisa al'adar makokinsu.

Shugaba ya ce, "Yaya Tek, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ku kuka zaɓa. Ga takardar, sa hannunka ne na farko."

"To ai ku ne hukuma. Me ya sa ba ku hana mu ba?"

"Da na hana, da kun ce na raina jama'a."

Injiniyan da ya zana ƙofar ya ce, "Cewa aka yi ta fi ta Phulbari kyau. Ba wanda ya kawo mini maganar mota."

Direban motar gobara ya ce, "Baba, mu wa ya tambaye mu? Ba a kiranmu taro, sai wuta ta tashi."

Kansa ya ƙara kullewa. Ba wanda ya saci bulo ɗaya, ba wanda ya yi ƙarya. An tambayi jama'a, jama'a sun amsa, an yi abin da suka ce. Da ɓarawo ne, da ya san wanda zai tsine wa. Ya ƙarasa rumfar Chandrakala ya zube a benci.

"Ke kin faɗa mana," in ji shi.

"Ban faɗa ba, Yaya. Ruwan shayi nake nufi, gobara ko a raina. Ni ma har hoto na yi a gindin zakunan nan." Ta tura masa kofi. "Sha tun da zafi."

Bai sha ba. Ya aro ma'auni a shagon tela, ya jingina tsani da ƙofar ya hau, mutane na kallonsa. Ya auna daga rufi zuwa ƙasa. Ya tafi ofishin 'yan gobara ya auna motar. Ya dawo ya sake aunawa, ko ya yi kuskure.

Taƙi ɗaya ne. Tsakanin motar da yayansa, taƙi ɗaya tal.

Ya zauna a gindin zaki, ma'aunin a cinyarsa, har rana ta juya. Tambayar da ya shekara talatin yana yi wa kowa, ita ce bai yi ba a ranar taron.

Mai karatu, garinku na girma, wata rana za a ce ku zaɓa. Ku sa ruwa da hanya a gaban ado, hukuma kuma kada ta fake da "ku kuka zaɓa". Kafin ka ɗaga hannu, tambayi me zai shiga ta nan ranar da rai ke neman ceto.