Gidan Goggo Lantana a Kan Faifai

Bayan an hana ginin laka, sai ga injin da ke karanta tunanin mutum, ya gina masa gidansa na dā, ɗan mitsitsi. Goggo Lantana ta je shagon da injin yake don karɓar nata.

Ta leƙa: ga zaure, ga rijiya, har randar da ta tsage tana amarya! Ta yi dariya har da hawaye.

Mai shago ya kai hannu zai ɗaga rufin, ta doke hannun.

"Kai ɗan nan, haka ake faɗa wa gidan mutane?"

Ta tuɓe takalmi, ta sunkuya, ta yi sallama.

Muryar marigayi mijinta ta fito siririya: "Lantana, sai yanzu?"

Ta gyara gyale tana murmushi. "Layi na tarar, Malam."