Fartanya Mai Jan Ƙyalle

"Ƙarya kake, Munkaila! Ruwan masan gari duka yana zuba gulbi, kai kana nan kana shan shayi!"

Dije ce tsaye cikin buro, wato ofishin Munkaila, mai gadin tafkunan tace ƙazanta, ta ci ɗamara da gyale. Jikarta Hamdiyya kwana huɗu ke nan a likita, gudawa ta tsotse ta, kuma ruwan gulbin ta sha.

"Inna, ki zauna."

"Ba ni zama! Wa ya bari ya malala?"

"Ba malala ya yi ba. Gefen tafkin farko aka fasa, aka ja ɗanyen ruwa zuwa lambu, wai taki. Sauran ya gangara gulbi."

"Faɗi sunan la'anannen! Wallahi sai na tara mishi kasuwa, ko ɗan wane ne."

Munkaila ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya jawo wata fartanya da ya tsinta a wurin da aka fasa. An ɗaure ƙotarta da jan ƙyalle.

Dije ta san ƙyallen, daga zanenta ta yage shi. Fartanyar mijinta ce, Malam Wada, wadda ta yi sati biyu tana zagin maƙwabciya wai ta sace. Bana kabejinsa ya yi girman kan bijimi, ita kuwa ta bi gida gida tana cewa albarka ce.

"Inna, a tara kasuwar?"

Ta fizge fartanyar, ta fita, ta banko ƙofa. Har yau ƙofar nan ba ta rufuwa daidai.