Ɗakin Bayan Gidan Hedimasta

Hedimasta ya buga goshi a ƙofar ɗakinsa, ya yi tsaki, ya fito da igiyar awo a hannu. Shekara sittin da shida yana buga goshi a ƙofofin gidan nan. Mahaifinsa ma haka ya yi ta fama, don duk zuriyarsu dogaye ne. A cewarsa, laifin magini ne.

Abin da zai auna shi ne ɗakin baya, wanda bangonsa ke kallon sabuwar hanya. Wani mai kantin magani da ke son kama hayarsa ya ce in aka fasa ƙofa ta waje, babu shago irinsa a garin. Abin nema ya samu. Matsala guda ce: Iya tana ciki.

Iya ba danginsu ba ce. Tun da Hedimasta ya buɗe ido ya gan ta a ɗakin baya, 'yar guntuwar mace mai yawan shiru. Ita ta goya shi, ita ta goya 'ya'yansa. Abin da ya ɗauka tun yana yaro shi ne mai aiki ce da iyayensa suka riƙe don Allah. Yanzu ta haura tamanin, kuma ya riga ya shirya mata komawa ƙauye wurin wata jikar ƙanwarta. Da ya gaya mata, bai iya kallon fuskarta ba. Ita kuwa cewa ta yi, "To," ta ci gaba da ɓarar lemon da ta tsinko a tsakar gida. Lemon nan ko matar gidan sai ta yi wa Iya magana kafin ta taɓa shi.

Matarsa ba ta ji daɗi ba. "Malam, Baba fa har ya rasu a tsugune yake gaishe ta."

"Tarbiyya ce irin ta mutanen da," in ji shi.

Sai dai mai kantin magani mutum ne mai taka tsantsan. Ya ce ba zai sa guduma a bango ba sai ya ga takardar gida. Hedimasta ya zazzage akwatin mahaifinsa. Ya samu takardar kama aiki a gidan waya, da tsohon hoto, da tabarau mai ƙafa ɗaya. Takardar gida dai ko sama ko ƙasa. Ya karɓi makullin ɗakin ajiya a wurin Iya, don duk makullan gidan a ƙusar ɗakinta suke rataye tun fil azal, ya bincike ko'ina. Ƙura kawai ya sha.

Mutumin da ya shekara talatin yana korar yara gida su kawo takardar haihuwa ba zai yarda takarda ta gagare shi ba. Ya sa babbar riga ya tafi ofishin filaye.

Akawun wurin tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya sha bulalarsa a kan rubutun tsutsa. Ya ɗauko wani littafi da gara ta ci gefensa, ya buɗe masa da ladabi. Wani fatake ne ya gina gidan. Ya sayar wa wani tela, wanda ya ƙara ɗaki biyu. Tela ya sayar wa wani maƙeri. Da maƙerin ya rasu, gidan ya koma hannun 'yarsa tilo, wata mai suna da Hedimasta bai taɓa ji ba. Daga nan shafin fari fat.

"Daga hannunta mahaifina ya saya," in ji Hedimasta. "Sakacin akawunan da ne. Rubuta."

Akawu ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kai ka koya mana ba a rubuta abin da ba a gani ba. A samo shaida ko guda, wanda ya ga cinikin, ya dangwala yatsa."

Hedimasta ya zaga gari. Wani tsohon direba ya ce shi lokacin yana rarrafe. Mai gyaran agogo ya tuna maƙerin sarai, gajere ne kamar turmi, amma bai tuna wani ciniki ba. Sauran waɗanda za su sani duk ƙasa ta rufe musu ido. Da la'asar ya dawo gida, ƙafa ta yi tsami, ya gane cewa shaida ɗaya ta rage a duniya, kuma ita ce wadda yake shirin kora. Kunya ta kama shi, amma shago shago ne.

Ya sunkuya ya shiga ɗakin baya. Ta riga ta ƙulle kayanta a zani biyu.

"Iya, kina nan lokacin da Baba ya shigo gidan nan?"

"Ina nan. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. An turo shi gidan waya, gidan ma'aikata bai gama ginuwa ba, mahaifiyarka kuma cikinka ya tsufa. Ya ce kwana uku za su yi."

"Madalla!" Ya ware takardar, ya buɗe tawadar dangwale. "To sai ki shaida cewa 'yar maƙerin nan ta sayar masa. Kin san ta, ko?"

Iya ta dubi takardar, ta dubi yatsanta, ta mayar da hannun cikin zani. Ta ɗago kai ta dube shi, kamar mai neman hanyar da ba za ta ɓata wa yaro rai ba.

"Ni dai ban sayar ba, ɗan nan," in ji ta a hankali. "Baƙi na yi, na ba su ɗakunan gaba na koma baya, kuma har yau kunya ta hana ni tambayar yaushe za ku tafi."