Satar Albarka

Ƙaninsa Auta na fita karɓo magani, Babba ya yi wuf ya zauna a kujerar gefen gadon, wadda tun da aka kwantar da Baba ba ta san kowa ba sai Auta.

Ya gaji da jin yabon yaron nan. Ma'aikatan jinya Auta, gwaggo Auta, har mai goge ƙasa Auta. Shi kuwa babban ɗa guda, mai ofis da tumbi, mai aiko da lemo da gaisuwa ta waya, sai a tare shi a ƙofa a ce lokacin ziyara ya wuce.

Baba, idanunsa naɗe da bandeji, ya lalubo hannunsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ya ba ka masu jin ƙanka."

Ya tabbata ta Auta ce. Sai ya haɗiye muryarsa kada ta tona shi, ya amsa amin a zuci, yana jin daɗi irin na ɓarawon da ya tarar da ƙofa a buɗe.

"To, juya ni, bayana ya gaji."

Ya kama kafaɗa, ya saki, ya kama ƙugu. Tsohon ya yi ƙara.

"Bari, Babba, kada ka ƙarasa ni. Jira ƙaninka."

Ya janye hannunsa. "Ashe ka gane ni, Baba?"

"Da wannan turaren? Tun daga bakin ƙofa. Albarkar taka ce, riƙe abarka, na san kana yunwarta. Shi Auta ko lokacin sauraronta ba shi da shi."