Tabon Shimfiɗar Kaka

"Rufe idonki, Umma," in ji Auta, tana warware tsohuwar shimfiɗar teburin da Kaka ta saƙa da hannunta.

Auta ta sha yawo kafin ta samo gwanin gyaran tsohuwar saƙa. Ya ɗinke inda asu ya ci, ya wanke ta fes.

Umma ta buɗe ido. Ta juya wannan gefe, ta juya wancan.

"Auta, ina tabon?"

"Ya fita tas! Har gidan tarihi suna so."

Umma ta sulale ƙasa, ta rungume ƙyallen.

"Shatin hannun yayanki ne, ranar da ya tsoma shi a miya yana rarrafe. A satin Allah ya karɓe shi. Ko hotonsa ba ni da shi."